Filin Kwamfuta: Gida Biyu Maganin Gobara

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta. Galibin kwamfutocin da ke hannunmu a nan N'Djamena kuwa na hannu ne, kuma da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. To, sai mu zubar da su? A'a. Shawararmu ita ce a ɗora Linux kusa da Windows a na'ura guda, ta yadda duk sa'ad da aka kunna ta, mutum zai zaɓi wanda zai shiga.

Shi Linux wani ɗalibi ne a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya ƙirƙiro shi a 1991, kuma kyauta ne. Irinsa mai suna Ubuntu, wanda ya fito a 2004, yana aiki da Faransanci da Larabci, harsunan hukuma na Cadi. Tun da kuɗin intanet ba wasa ba ne, mutum ɗaya ya sauko da shi ya zuba a filashi mai gigabait 8, unguwa duka ta amfana, babu laifi a kwafarsa. Windows ya tsaya wa manhajojin da ba su da madadi, Linux kuwa a riƙa shiga intanet da shi.

Sai dai a yi hattara. Aikin yana bukatar a raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, kuma nan ne dukiya kan salwanta. Kafin a taɓa komai, a kwashe lissafin shago da takardun makaranta da hotunan iyali zuwa wata ma'ajiya dabam. Kada a fara sai batir ya cika, domin mun san halin wutarmu: in ta ɗauke ana tsakiyar rabon, shi ke nan.

Daga nan, a cikin Windows a kashe «Démarrage rapide», in ba haka ba Linux ba zai iya rubutu a ɓangaren Windows ba. A buɗe «Gestion des disques» a rage wa Windows kamar gigabait 50. Sai a tayar da kwamfutar daga filashin. Za a ga zaɓi biyu masu muhimmanci: wanda ya ce «à côté de Windows» shi ne namu, wanda ya ce «Effacer le disque» kuwa komai zai share. Mai na'urar da babu komai a cikinta ya fara sa Windows, domin in ya zo daga baya yakan danne allon zaɓin, wato GRUB.

Saura abu ɗaya. Linux yana ajiye agogon na'ura bisa agogon GMT, Windows kuwa bisa na gida. Da yake Cadi tana gaba da sa'a ɗaya, bayan an fito daga Linux agogon Windows kan koma baya da sa'a guda. Mai duba lokacin salla ko na buɗa-baki a kwamfuta ya lura, ya umarci Windows ya daidaita agogonsa ta intanet.

Wanda bai gane wani mataki ba, ya nemi ɗan'uwa masani su zauna tare, don tambaya ba ta ɓata hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.