Fatalwar Bayi Ta Zama Hajar Kasuwa

Jama'a, akwai wata sana'a da ake yi a kudancin Amurka wadda duk mai tausayi in ya ji sai ransa ya ɓaci. Gidajen da aka azabtar da bayi baƙar fata ne aka mayar wurin yawon buɗe ido. Mutum ya biya kuɗi, a zaga da shi da daddare ana ba shi labarin fatalwa, ya ɗan razana, ya yi dariya, ya ɗauki hoto ya kama gabansa. Ni dai a wurina wannan cin amanar matattu ne.

Mu ɗauki gidan Delphine LaLaurie da ke titin Royal a birnin New Orleans. Ranar 10 ga Afrilu, 1834, gobara ta tashi daga ɗakin girki. Da masu kai ɗauki suka ɓalle ƙofa, sai suka tarar da bayi 7 a ɗaure, jikinsu duk miki, wasu da ƙarfe a wuya. Mutanen gari suka fusata suka ragargaza gidan, ita kuwa uwargida ta sulale ta gudu Faransa, ta mutu a Paris a 1849 ba tare da ta tsaya gaban alƙali kan wannan ta'asa ba. Rijistar jana'iza ta nuna bayi 12 ne suka rasu a gidan tsakanin 1830 da 1834, cikinsu har da wata kuku mai suna Bonne da 'ya'yanta 4. To mai karatu, wannan bai isa abin tsoro ba? Amma masu sana'ar ba su ƙoshi ba, sai da aka yi ta ƙara gishiri, wai ana jin kuka da ƙarar sarƙa cikin dare.

Na gonar Myrtles, nan dai jihar Louisiana, ya ma fi ban takaici. Can ana sayar da labarin wata baiwa wai ita Chloe, wadda ubangidanta ya yanke wa kunne, ta sa guba a abinci ta kashe matarsa da 'ya'yansa 2, aka rataye ta. Masu bincike sun duba takardu, ba su ga baiwa mai wannan suna ba. Matar da yaran kuwa cutar shawara ce ta kashe su a 1823 da 1824. Ka ga an bar bayin gaskiya da suka yi gumi a gonar, an ƙirƙiro ta ƙarya, kuma ita aka ɗora wa kisan kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Wasu za su ce ai ba don fatalwar ba da tuni an manta da bayin. Wannan ba hujja ba ce. Gonar Whitney da aka buɗe a 2014 a wannan jihar ba ta sayar da fatalwa. Sunayen bayi aka rubuta a jikin bango, kuma mutane na zuwa.

Mu marubuta mun san labarin aljanu na da kasuwa, ba ma musu. Amma wanda aka ɗaure da sarƙa ɗan Adam ne, wanda ya ɗaure shi ma ɗan Adam ne, yana cin abinci yana barci lafiya. Duk labarin da ya mayar da wanda aka zalunta dodo, ya wanke azzalumi ke nan. Allah ya isar wa bayin nan.