Firiza Asusu Ce ga Wanda Ya Iya Ta

Mu masu jiran albashi mun san irin tsawon da wata yake yi daga ranar 20 zuwa ƙarshensa. Shi ya sa a wannan fitowa za mu yi magana a kan firiza, wadda take tsaye a lungun ɗaki a gidaje da dama na zangunanmu, daga Nima har Aboabo ta Kumasi. Da yawanmu ƙanƙara da ruwan sanyi kaɗai muka san ta da su, alhali kuwa ajiya maganin wata rana.

Farko dai, a yi saye lokacin araha. Idan tumatirin Akomadan da Techiman ya cika kasuwa, uwargida ta sayi kwando, ta markaɗa da attarugu da albasa, ta dafa har ruwan ya tsotse. In ya huce sai ta ɗura a ƙananan robobi, kowace daidai miyar yini ɗaya, ta rubuta kwanan wata a jiki. Dalilin rarrabawar shi ne, abin da ya narke ya daɗe a waje ba a mayar da shi.

Na biyu, busassun kaya. Wake da gero da garin masara sukan zo daga kasuwa da ƙwayayen ƙwari a cikinsu. A ɗaure su tamau a leda, su yi mako guda a firiza, ƙwarin za su mutu. In an fitar, kada a kwance sai sanyin ya sake su, don kada raɓa ta shiga. Gyaɗa da agushi ma sukan daɗe a ciki ba su yi ɗaci ba. Amma masu jefa batirin tocila suna wahalar banza ne, laima ma tana iya lalata shi.

Na uku, wuta. A shekarar 2015, lokacin dumso, mu kanmu mun zubar da rabin naman layyarmu, don yara sun yi ta buɗe firizar suna neman ruwan sanyi. Daga baya muka koyi cewa cikakkiyar firiza takan riƙe sanyinta kamar awa 48 in ba a buɗe ta ba, mai rabin kaya kuwa awa 24. Saboda haka a cike gurbin da kwalaben ruwa. Tun daga nan kuma ba mu bar suya da shanya nama irin na iyayenmu ba.

Na ƙarshe, araha ba ta ado. Tsohuwar firiza mai zuƙar wuta takan cinye a mita abin da aka tsimi a kasuwa, kuma saboda haka ne Gana ta hana shigo da tsofaffin firji a 2013. Mai saye ya duba taurarin da ke jikin takardarta; yawansu shi ne ƙarancin shan wuta. Mai tsohuwa kuwa ya maƙala takarda a bakin murfi ya rufe. In ta zaro ba gardama, robar ta mutu, kuɗinsa ne ke tsiyaya.

Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.