Sharhi: Kukan Inji Jawabi Ne Ga Mai Sayen Motar Hannu

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Azare ya san ba a cinikin sa ko doki da hange daga nesa. Mai saye yakan buɗe bakin dabba ya duba haƙoranta, ya kora ta ya ga tafiyarta, ya shafa ƙafafunta, sa'an nan ya taya. Abin mamaki shi ne, ɗan kasuwan da ba zai yarda a sayar masa da rago bai dudduba ba, shi ne zai ƙirga miliyoyin naira ya sayi motar hannu don kawai fentinta yana ƙyalli, kujerunta kuma na fata ne. Wannan sakaci ya fi yawa a wajen motocin nan masu ɗan karen gudu da gajeren ƙasa, irin wasu samfuran BMW da Mercedes-Benz da Golf GTI, waɗanda 'ya'yan attajirai da matasan 'yan kasuwa suke sha'awa. Su ne kuwa motocin da kuskure a sayensu ya fi tsada.

Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fara gagarar ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ta ba da wuri ga motocin Beljiyam da ake saukewa a Ikko da Kwatano. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, har dalar Amurka da ake canzawa kan wajen naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a 2024. Da yake da dala ake sayo inji da kayan gyara, ma'anar wannan ita ce injin da ya buga a yau asarar jari ce, wadda takan tilasta wa mutum taɓa kuɗin kasuwancinsa ko ya jingine motar a gindin bishiya.

Motar gudu tana da halayen da ya kamata mazaunin ƙasar Katagum ya yi la'akari da su. Injinta yana matse iska da mai fiye da na sauran motoci, saboda haka masu ƙera ta sukan shar'anta mata fetur mai daraja ta sama, alhali fetur iri ɗaya ne ake sayarwa a gidajen mai na ƙasar nan. An ƙera ta domin titunan Turai masu santsi da sanyi, ga shi kuwa zafin bazara a Azare yakan kai maki 40 ko ya wuce, ƙurar hunturu kuma ba ta barin kowace kafa. Cikinta yana kusa da ƙasa, don haka tudun rage gudu ko rami ɗaya a hanyar ƙauye ya isa ya fasa kaskon baƙin mai. A damina kuwa, a yankunan da kogin Jama'are yake malala har zuwa garin Katagum, motar da bakin shaƙar iskarta yake ƙasa-ƙasa tana iya zuƙar ruwa cikin inji, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai dai ya lanƙwasa sandar fistin. Bugu da ƙari, wanda ya fara mallakar irin wannan mota ba don tafiya a hankali ya saye ta ba. Kafin ta iso hannu na uku ko na huɗu ta sha totur.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Haka kukan inji yake, sai dai yana da lokacin da ake saurarensa. Sharaɗi na farko shi ne a tayar da motar da sassafe bayan ta kwana ba a taɓa ta ba. Mai saye ya ɗaga bonet ya ɗora hannu a kan inji. In ya ji ɗumi, to an riga shi, ya ɗage ciniki zuwa gobe. A kashe rediyo da na'urar sanyaya ɗaki, a sa wani ya murɗa makulli, shi kuwa mai saye da bakanikensa su tsaya a gaban motar. Daƙiƙu goma na farko, kafin baƙin mai ya gama hawa, sun fi sa'a guda ta zagaya gari bayyana gaskiyar inji.

Ƙarar da take fitowa daga saman inji, ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, ta bawul ce. In ta ɗauke cikin 'yan daƙiƙu, ba abin damuwa ba ne, mai ne bai iso ba tukuna. In ta ci gaba bayan inji ya yi zafi, alama ce ta cewa an daɗe ana jinkirta juyen mai har datti ya toshe hanyoyinsa, ko kuma ƙarafan sun cinye. Ƙarar da take kama da jan sarƙa a kan ƙarfe daga gaban inji ko bayansa, ta sarƙar tayimin ce da ta saki. Wannan ba a wasa da ita, domin a yawancin injinan zamani idan sarƙar ko bel ɗin ya yi tsalle, fistin yakan daki bawul, gyara kuma ya koma na sauke kan inji gaba ɗaya.

Mafi muni ita ce buguwa mai nauyi daga ƙasan inji, ƙwal-ƙwal kamar ana dukan ƙarfe da guduma a cikin rijiya, wadda take ƙaruwa in an taka totur. Wannan ita ce alamar cewa metal ɗin da ke tsakanin karanshaf da sandar fistin ya cinye. Tana fitowa sosai bayan mai ya yi zafi ya tsinke, sau da yawa kuma fitilar baƙin mai takan riƙa ƙiftawa in mota tana silo. Wanda ya ji wannan ƙara, ba ragin farashi ya kamata ya nema ba. Ya yi sallama ya tafi, sai fa in da ma ya shirya sayen wani inji.

Akwai kuma wadda ba a jin ta sai an hau titi. In an taka mota a babbar giya aka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, to fetur yana kamawa da wuta kafin lokacinsa. Rashin ingancin mai, ko tarin baƙi a kan fistin, ko zafin da ya wuce kima, kowannensu yana haddasa haka, kuma in aka daɗe a kai yakan huda fistin. Motar da ke da tobo kuwa, siririn fito a lokacin da aka taka ta ba laifi ba ne, amma in ya koma kamar jiniya, ga shuɗin hayaƙi a salansa, to tobon yana bankwana.

Ba kowace ƙara ce ke kashe ciniki ba, kuma sanin wannan shi ma riba ne. Ƙugin fanbel da safe, ko gurnanin famfon ruwa, ko fut-fut ɗin iska daga gasket ɗin salansa da ya fashe, duka gyara ne na yini ɗaya. Mai saye da ya iya rarrabewa zai sa a rage masa kuɗin gyaran daga farashi, ya sami mota mai kyau da wasu suka guje wa saboda tsoro. Tsohuwar dabarar makanikai ta ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji a kanga kunne a ƙotarsa har yanzu tana nuna inda ƙara take fitowa.

Ya kamata kuma a san cewa shirun inji ana iya sayensa. Wasu masu sayarwa sukan ɗura mai mai kaurin gaske, ko wani haɗi mai danƙo, domin ya rufe bakin metal na 'yan kwanaki. Saboda haka a zaro ma'aunin mai a murza tsakanin yatsu, a buɗe murfin mai a duba. In an ga wani abu kamar madara, ruwa yana shiga mai, gasket ɗin kan inji ya ƙone. A dubi hayaƙi: shuɗi yana nufin inji yana cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Dole fitilar gargaɗin inji ta kama, sa'an nan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ko kaɗan ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da kafar da ake jona na'urar bincike, Turai ma ta bi sahu daga 2001, kuma lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana iya tona tarihin motar da ta fito daga Amurka, ko ta taɓa hatsari ko ambaliya ta taɓa cinye ta. Na'ura tana faɗin abin da kwamfutar mota ta gani, kunne yana jin abin da ƙarfe yake ciki, mai hankali kuwa yana amfani da duka biyun.

Bayan saye sai riƙo. A nan ne motocin gudu da yawa suke mutuwa a hannun masu su, ta hanyar al'adu uku da suka zama ruwan dare a garejoji. Ta farko ita ce cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da sunan maganin zafi. Injin zamani an tsara shi ya yi aiki a wajen maki 90. In ya ƙi kai wa nan, kwamfuta takan ci gaba da ƙara masa fetur, ya sha mai, ya wanke man da ke jikin silinda. Ta biyu ita ce zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, abin da yake kawo tsatsa da toshewa. Ta uku ita ce ɗura baƙin mai mai lamba 20W-50 a injin da aka rubuta masa 5W-30, don kawai shi aka saba da shi tun zamanin 504. Lambar man da ta dace tana cikin littafin mota, sau da yawa ma a kan murfin mai.

Abin da ake bukata ba shi da yawa. A juye mai da matatarsa a kan kari, kimanin kowane kilomita 5,000 a wuri mai ƙura da zafi irin wannan, a sayi man a wajen dilan da aka sani domin jabu ya yi yawa. A duba matatar iska sau da yawa a lokacin hunturu. In babu shaidar ranar da aka sauya bel ɗin tayimin, a ɗauka ba a taɓa sauyawa ba. A kula da inda ake shan fetur. Gurɓataccen man da aka shigo da shi daga Antwerp a farkon shekarar 2022, wanda ya lalata injinan jama'a, ya isa darasi. Tun kafin ciniki kuma mutum ya tambayi kansa inda zai sami kayan gyara: in sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, tafiyar kimanin kilomita 200, ko Ladipo a Ikko, to kwanakin da mota za ta yi a ajiye su ma kuɗi ne.

Wasu dillalai za su ce irin wannan bin diddigi yana kashe kasuwa, kuma sayen motar hannu da ma sa'a ne. Gaskiya ne babu mai iya ganin cikin ƙarfe gaba ɗaya. Amma dillali yana cin la'ada ne in ciniki ya faɗa, don haka ba daidai ba ne kunnensa ya zama shi ne alƙali. Shari'ar Musulunci, wadda akasarin cinikin ƙasar Katagum yake tafiya a kanta, ta haramta ɓoye aibin haja, ta kuma bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da ba a bayyana masa ba. Ɗura mai mai kauri domin rufe ƙarar metal algus ne, daidai da zuba ƙasa a gindin buhun gero. Kasuwar da mai saye yake da tabbaci a cikinta ita ce take jawo baƙi daga Misau da Jama'are da Potiskum, ba wadda kowa yake shiga da ɗar-ɗar ba.

Saboda haka ya dace ƙungiyoyin masu sayar da motoci da na makanikai a Azare su amince da wasu ƙa'idoji masu sauƙi. A bai wa mai saye damar zuwa da bakanikensa, wanda shi zai biya, ya tayar da mota da safe. A rubuta aibin da aka sani a takardar ciniki, shaidu su sa hannu. Mai mota kuma ya ajiye ɗan littafi a aljihun gaba, inda za a riƙa rubuta ranar juyen mai da adadin kilomita da abin da aka sauya, domin ranar da zai sayar, wannan littafi zai ƙara wa motar daraja fiye da sabon fenti. Kuɗin bakanike na sa'a biyu bai kai kuɗin cika tanki ba. Wanda ya ga kyashin biyansa, zai biya kuɗin inji.