A Bar Wa Yaro Wuyarsa, A Ba Shi Ƙarshen Labarinsa

A wani taron malamai da iyaye da muka yi kwanan baya, wani abokin aikina ya miƙe ya nemi a rufe duk rumfunan wasan bidiyo na unguwar Lazaret. Ya ce ba abin da suke koya wa ƴaƴanmu sai lalaci da kisa. Aka tafa masa. Ni dai ban tafa ba, domin da na tambaye shi ko ya taɓa zama minti goma a cikin irin wannan rumfa, sai ya ce Allah ya kiyaye. To, malamin da zai yanke wa littafi hukunci bai buɗe shi ba, sifili nawa ya cancanta?

Ni na shiga, na zauna, na gani. Zargin lalaci ba shi da tushe. A ɗauki Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Ba a sa masa maɓallin sauƙaƙawa ba. Tun da farko wani dodo mai suna Margit yake tare hanya, ya kayar da ɗan wasa sau goma, sau ashirin. Amma da yake duniyar wasan a buɗe take, wanda ya sha kaye yana iya juyawa kudu, ya yi yawo, ya ƙaro ƙarfi da dabara, sa'an nan ya komo. Ashe ba wannan ne muke roƙon ɗaliban da suka faɗi jarrabawar BEPC su yi ba? Mu da muke cika fili don kallon kokowa tun da aka soma gasar takobi a Tawa a 1975, mun san ɗan kokowa ba ya ƙwarewa sai ƙasa ta ci bayansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Sai dai kada masu rumfa su ɗauka lauyansu na zama. Akwai ɓarna, amma ba inda abokin nawa ya nuna ba. Wasan da ya daɗe yana tara yara a rumfunanmu shi ne GTA San Andreas na 2004. Labari ne mai tsawo na wani saurayi, Carl Johnson, da ya komo gida bayan an kashe uwarsa, ya faɗa hannun wani ɗan sanda azzalumi, Tenpenny, wanda a ƙarshe zaluncinsa ya ci shi. Yaro nawa ne ya kai wannan ƙarshen? Wanda ya biya dala ashirin don ƴan mintoci, ba shi da inda zai adana abin da ya yi, ga kuran na iya ɗaukewa kowane lokaci, ba zai bi labari ba. Sai ya danna lambobin maguɗi da ya hardace, bindigogi su zubo, ƴan sanda su ɓace, ya yi ta harbi har lokacinsa ya cika. An cire wuya, an cire ƙarshe, an bar masa faɗa tsagwaronsa. Wannan shi ne gubar: laifi ba hukunci, nasara ba gumi.

Mu malaman Hausa ya kamata mu fi kowa fahimtar haka. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, yawon duniya ne: gari bayan gari, wahala bayan wahala, da gaba da Malam Zurƙe. In ka yage shafukan ƙarshe, me ya rage ban da ramuwar gayya? Ƙarshen ne yake ba wahalar ma'ana. Masu tsara wasanni na kirki sun san da wannan. Elden Ring yana da ƙarshe iri shida, gwargwadon abin da mutum ya zaɓa. A The Witcher 3 na ƙasar Polan, 2015, makomar yarinyar nan Ciri ba ta dogara ga yawan dodannin da aka sare ba, sai ga yadda uban goyonta ya riƙe ta: ya amince da ita, ko ya danne ta. Wane uba ne a Yamai ya wuce wannan darasi?

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai. Far Cry 2 na 2008 ya zana Afirka ƙasar zazzaɓin cizon sauro, da tsatsar bindiga, da lu'ulu'un yaƙi. Haka ake nuna wa ƴaƴanmu fuskarsu, mu kuwa muna can muna gardamar rufe ƙofa. A Kamaru, matasan Kiro'o Games ba su tsaya kuka ba, sun fitar da nasu, Aurion, a 2016. Mu da muke da Sarauniyar Lugu da ayarin gishirin Bilma, me muke jira?

Ga abin da nake nema. Ƙungiyoyin al'adu da gidajen samari su ajiye na'ura ko guda, da ƙa'ida: a duba shekarun yaro, ba lambar maguɗi, kowa da ma'ajiyar wasansa, wanda kuma ya kai ƙarshe ya tsaya gaban ƴan'uwansa ya ba da labarin da Hausa, ya faɗi abin da ya zaɓa da dalilinsa. In muka rufe rumfa, wasan zai koma cikin wayar da ke aljihun yaro, inda ba malami, ba uba. Shin wannan muke so?