Farautar barewa a Amurka: Tsakanin tausayi da tukunya

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, wata tsohuwar muhawara takan sake tashi a Amurka. A jihar Wisconsin kaɗai, mutane fiye da rabin miliyan ne ke yankar lasisi su shiga daji cikin kwanaki tara da hukuma ta ware domin farautar barewa da bindiga, kuma idan aka haɗa jihohin ƙasar baki ɗaya, abin da maharba ke kashewa a shekara yakan kai wajen miliyan 6. Masu fafutikar kare haƙƙin dabbobi suna kiran wannan al'ada zalunci, su kuwa maharban suna cewa abinci suke nemar wa iyali. Dabbar da ake magana a kanta ba irin barewarmu ba ce sak, domin namijinta yana da ƙaho mai rassa da ke zubewa ya sake tsirowa kowace shekara, amma ba mu da sunan da ya fi wannan kusa da ita.

Ni a ganina, ba a yanke wa farauta hukunci da kallon hoton gawar dabba kawai. Sai an tambayi yawan dabbar a dajin, da abin da za a yi da naman, da kuma yadda aka kashe ta.

Mu fara da yawan. A wajajen shekarar 1900 barewa mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka, abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba, saboda masu harbi domin kasuwa sun yi mata kisan kiyashi, ana loda nama da fatu a jiragen ƙasa zuwa birane. A shekarar ce aka kafa Dokar Lacey, wadda ta hana tsallaka iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 kuma aka kafa Dokar Pittman-Robertson, wadda ta juya harajin bindigogi da harsasai, wanda a yau ya kai kashi 11 cikin 100, zuwa aikin raya daji da namunsa. Da wannan kuɗi da na lasisi aka farfaɗo da barewar, har ta kai wajen miliyan 30 a yau. Wato dai aljihun maharbi ne ya ɗauki kaso mai tsoka na ɗawainiyar ceto dabbar da yake harbi.

Sai dai barewar ta dawo ta tarar da daji babu masu cinta, domin an riga an kakkaɓe kyarkeci da sauran manyan namun dawa daga mafi yawan ƙasar. Amurkawa sun taɓa ganin ƙarshen irin wannan hali. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya mayar da tsaunin Kaibab da ke Arizona gandun da aka hana farautar barewa a cikinsa, ma'aikatan gwamnati kuma suka shiga kashe dabbobin da ke cinta. Barewa ta hayayyafa ta cinye ganyen dajin ƙarƙaf, sannan a tsakiyar shekarun 1920 yunwa ta kashe dubbai daga cikinta a lokacin hunturu. Masanin gandun daji Aldo Leopold, wanda shi ma maharbi ne, ya yi bayani a littafinsa da ya fito a 1949 yadda ya harbe wata kyarkeciya yana saurayi, ya tsaya yana kallon fitar ranta, daga baya ya fahimci cewa dajin da aka raba da kyarkeci barewa ce za ta cinye shi. Tausayin da bai yi lissafi ba yakan kuɓutar da dabba daga harsashi ya miƙa ta ga yunwa, kuma mutuwar yunwa ta fi daɗewa.

Haka lamarin yake a yau. Motoci suna karo da barewa fiye da sau miliyan ɗaya a shekara a titunan Amurka, rayukan mutane suna salwanta, gonaki da ƙananan itatuwa suna lalacewa. Birnin New York ya gwada wata hanya a 2016, inda ya shiga kama mazan barewa a Staten Island ana yi musu tiyatar hana haihuwa, aikin da ya laƙume miliyoyin daloli a tsibiri guda. A gandun Rock Creek da ke tsakiyar Washington kuwa, a 2013 hukuma ta fara ɗaukar ƙwararrun maharba su rage barewa da daddare, naman a kai wa masu ciyar da mabuƙata. Ko an so ko an ƙi, wani ne zai yi aikin da kyarkeci ya bari.

To amma fa masu adawa ba mutanen banza ba ne, kuma bai kamata a yi watsi da hujjarsu ba. Masanin falsafa Peter Singer ya kafa hujja a 1975 cewa azabar da dabba ke ji abar lissafawa ce kamar ta kowane mai rai, Tom Regan kuma ya ƙara a 1983 cewa dabba tana da ranta da haƙƙinta, ba kayan amfanin mutum ba ce kurum. Tun kafin su, fim ɗin Bambi na kamfanin Disney da ya fito a 1942, wanda a cikinsa maharbi ya kashe uwa ya bar ɗa maraya, ya dasa wa yara da yawa ƙyamar farauta. Kuma gaskiya ne ba kowane harbi ke kashewa nan take ba. Akwai barewar da kan tsere da rauni ta je ta mutu a ɓoye bayan kwanaki. Wanda ya musanta wannan bai yi wa muhawarar adalci ba.

Inda na rabu da mafi yawan masu sukar shi ne, ba duka ne suka daina cin nama ba. Ana yanka kaji fiye da biliyan 9 a Amurka kowace shekara, akasarinsu sun rayu makonni ƙalilan ne cikin cunkoson rumfuna, ba su taɓa tona ƙasa a fili ba. Wanda ya sayo naman a kanti cikin leda bai ga jini ba, bai ji kuka ba, don haka zuciyarsa ta huta. Ita kuwa barewa ta yi rayuwarta a sake, ta ci abin da ta ga dama, ajalinta ya zo cikin daƙiƙoƙi idan maharbin gwani ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai ƙin nama gaba ɗaya yana da bakin yi wa maharbi wa'azi, amma mai biyan wani ya yi masa yanka a bayan katanga, da wane baki?

Nan ne batun zuciya ya shigo. Maharba da yawa sukan bayyana cewa idan suka isa kan dabbar da suka kayar, jikinta da sauran ɗumi, murna da baƙin ciki kan zo musu a tare. Wasu na ɗaukar wannan nauyin zuciya a matsayin shaidar cewa an yi laifi. Ni kuwa ina ganin shi ne ke tsare maharbi daga zama azzalumi. Wanda ya san ɗaukar rai ba wasa ba ne shi ne zai sauke bindiga idan nisa ya yi yawa, shi ne zai bi sawun jini har dare don kada ya bar dabba cikin azaba, shi ne kuma zai feɗe ya ɗauko naman a kafaɗa komai nisan mota. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Maharbin da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya daina jin komai.

Saboda haka kariyar da nake ba farauta tana da iyaka. Ba ta shafi mai biyan dubban daloli ya harbi dabbar da aka killace cikin waya don ya rataye ƙahonta a falo ba. Ba ta shafi mai yanke kai ya bar gangar jiki ta ruɓe ba, abin da dokokin jihohi da dama suka mayar laifi. Tana kuma ɗora wa maharbi nauyin lafiyar masu cin naman. A 2008 jihar North Dakota ta sa an janye naman barewar da maharba suka ba da sadaka bayan an gano ɓurɓushin darma a ciki, kuma daga 2019 California ta hana farauta da harsashin darma baki ɗaya. Tunda doka ta hana sayar da naman barewar daji, abin da ya fi ƙarfin tukunyar gida sai kyauta, shi ya sa tun 1991 aka kafa shirye-shirye a Virginia da Pennsylvania na kai rarar naman ga matalauta. Mai ba da sadaka kuwa bai kamata ya haɗa ta da guba ba.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san an halatta farauta don buƙata, an kuma karhanta ta don wasa. Abin da ya kamata mu ƙara lura da shi shi ne yawan dabbar, domin hujjar da ta wanke maharbin Wisconsin ita ce ke kama namu. Can barewa ta fi ƙarfin daji, nan kuwa daji ne ya wayi gari babu kowa. Mariri da ya taɓa cika Sahel, harbi daga kan mota da fari da yaƙi suka gama da shi, har aka ayyana a 2000 cewa babu sauransa a daji, sai a 2016 aka dawo da wasu ƙasar Chadi daga garken da aka kiwata a Abu Dhabi. Amurkawa sun tsaya a bakin irin wannan rami a 1900, suka ja da baya ta hanyar ƙirga dabba, da ware lokacin farauta, da hana cinikin naman. Kafin mu ari hujjarsu ta harbi, ya kamata mu fara aron haƙurinsu na ƙirgawa. Allah Ya sa mu gane.