Gobara Ba Ta Jiran Shawara

Gobarar da ta cinye sashe mai yawa na babbar kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021, ana tsakiyar hunturu, ta isa ta sa garuruwa irin su Jangebe su shiga taitayinsu. A ganina, abin da ya fi motar kashe gobara muhimmanci shi ne kwamanda ɗaya da kowa ke saurare. Da isar jami'ai, shi zai tara su na minti biyu ya faɗa musu inda iska ta dosa, ko an yanke wutar lantarki, ko da mutum a ciki, da rumfar da ake ajiye fetur a jarkoki. Kuma tun tankin farko bai ƙare ba ya aika neman na biyu, domin jiran agaji daga Gusau tamkar ba wuta aron lokaci ne. Ga madatsar ruwa ta Bakolori nan a Maradun. Ya kamata ƙananan hukumomin Talata Mafara, Bakura da Maradun su ƙulla yarjejeniya a rubuce da masu tankokin ruwa tun kafin kakar iska ta kama, kowa ya san wanda zai kira cikin dare.