ƘWAYA ƊAYA KULLUM HAR SHEKARA BIYAR: WA ZAI BIYA?

Jama'a, yau ina so mu yi magana a kan ciwon da ake ɓoyewa cikin zane, watau sankarar mama, wadda mutanenmu ke kira daji. Abin da na gani a gidanmu shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina da yaya a ƙasar Kebbe, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Bara aka yi mata aiki aka cire mama guda. Da za a sallame ta, likita ya rubuta mata wata ƙwaya mai suna Tamoxifen, ya ce ta riƙa shan guda kullum har shekara 5. Ku lissafa, ƙwaya 1,825 ke nan. Bayan wata 7 na je gaishe ta, na tarar ta daina sha. Na ce, "Yaya, don me?" Ta ce, "Ƙanena, mi za ni yi? Maganin ga ya hana ni kwana, kuɗinai kuma sun cinye jarina."

To, bari in gaya muku amfanin ƙwayar. A jikin mata da yawa, wannan ciwo yana ƙaruwa ne da wani sinadari na jikin mace wanda likitoci ke kira istirojin. Ƙwayar tana toshe masa hanya, kamar a datse wa lambu ruwa. Sai wadda gwaji ya nuna ciwonta irin wannan ne ake ba ta. Tun 1973 ake aiki da ita a Ingila, kuma babban binciken da aka buga a 2011 ya nuna shan ta shekara 5 yana rage mutuwa daga ciwon da wajen kashi ɗaya cikin uku. Wadda ta yar da ita a hanya ta rage wa kanta wannan rabo.

Amma fa tana da wahala, kada a ruɗe ku. Zafi yakan taso wa mace farat ɗaya, gumi ya jiƙe ta da tsakar dare ko da hunturu ne. Al'ada takan rikice, jiki ya yi nauyi, rai ya riƙa ɓaci. Waɗannan ba sammu ba ne, ba iska ba ce, a gaya wa likita, akwai dabarun rage su. Sai dai in jini ya zo ba lokacinsa ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a nufi asibiti ran nan, kada a kwana.

Maza, ku saurara. Mai shan wannan ƙwaya ba a yarda ta ɗauki ciki ba, domin tana iya cutar da abin da ke cikin. Mijin da ya tsare matarsa da gorin haihuwa har ta daina sha, ya san abin da ya jawo mata. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wannan kam na gida duka ne.

Sai maganar kuɗi. Daga Kebbe sai an fito Tambuwal, daga Tambuwal kuma kusan kilomita 100 ne zuwa Sakkwato, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Kowa ya san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 da muka gani da idonmu. Ga kuɗin mai rakiya, ga na gwaji, ga ranar kasuwa da aka rasa. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye.

Ba dokoki muka rasa ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin lafiyar talaka a matakin farko. A 2021 aka buɗe asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, aka fara da asibitoci 6, na shiyyarmu yana Zariya. A watan Mayu 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, har da asusun marasa galihu. A jiharmu kuma akwai hukumar SOCHEMA. To, ma'aikaci ana yankar nasa daga albashi. Mai ƙuliƙuli fa, wa ya je rumfarta ya karanta mata dokar?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a kawo ƙwayar nan asibitocin Tambuwal da Kebbe, mace ta karɓi na wata 3 ba tare da ta hau mota zuwa birni ba. Na biyu, a rubuta da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar asibiti, abin da katin inshora ke biya da abin da ba ya biya. Na uku, masu rajista su zo kasuwa ranar da take ci.

Mu ma da namu aikin. Shugabannin 'yan kasuwa da iyayen adashi su kai mutanensu rajista tun suna da lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ku biya, ku tambaya, "Maganin sankara yana ciki?" Wadda kuma ta ji ƙullutu a mamanta, ta je asibiti tun yana ƙarami.

Yayata ta koma wurin likita, ta ci gaba da sha, mu 'yan'uwa muna karo-karo duk wata. Wadda ba ta da ƙane mai albashi fa? Wannan tambaya muke jiran mahukunta su amsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.

Magatakardan Jam'iyya, Reshen Tambuwal.